Faten Ranar Asabar

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki na shigar da ƙarar neman a raba aurena. Ban zaɓi lokacin don wata manufa ba. Lauyana ne ya ce shekara uku ta cika da barina gidan, doka kuma ta ce idan miji da mata suka yi shekara uku ba sa zaune tare, kotu na iya raba su ko da ɗayansu bai so ba. Gari kuwa ya cika da murna. A cikin bas, a kasuwa, a ɗakin malamai na firamaren da nake koyarwa, zancen ke nan, wai yanzu talaka zai sha iska. Ni dai ina jin su kamar rediyon maƙwabta. Abu ɗaya nake so, takardar da za ta ce ni ba matar kowa ba ce.

Aurenmu na rajista ne, wanda muke ce wa auren kotu, daga baya aka sa mana albarka a coci. Mijina ne ya dage a kan haka. A lokacin akawu ne a wata masaƙa a Kakuri, mutum ne mai son komai nasa ya fito da hatimi. Irin wannan aure ba a kashe shi a gaban dattawan gida, ba a mayar da sadaki a ce an gama. Sai an je babbar kotu, can ƙetaren kogi.

An sha tambayata me ya yi mini, ni kuma na sha rasa amsa. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba ya shan giya, ban taɓa kama shi da wata ba. Gaba yake yi. In na ɓata masa rai, ko ya ga dama ya ce na ɓata, sai ya ɗauke magana, ya kuma ɗauke baki daga abincina. In dafa, in jera a tebur, in ce ga abinci, sai ya dubi bango ya ce, "Na ƙoshi." Abin da zan ji daga bakinsa ke nan har wata ya mutu wani ya tsaya. Ran Lahadi kuwa shi ke riƙe mini jaka a ƙofar coci, yana dariya har da ƙyaƙyatawa, don shi ne sakataren zumuntar maza, matan coci kuma suna ce mini na yi dace. Allah bai ba mu haihuwa ba, babu ko hayaniyar yara da za ta rufe shirun. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kwashe tuwon da ba a taɓa ba, kajin unguwarmu, Unguwar Boro, duk sun yi ƙiba a kaina. Wata rana na ɗaure kayana, na kama ɗaki a Mahuta.

Mutum ɗaya na bari a gidan da ta tsaya mini a rai, ita ce uwarsa. Tun rasuwar mijinta aka ɗauko ta daga ƙauye take zaune tare da mu, kowa na ce mata Mama. Haƙoranta sun zube, ga ciwon suga, likita ya hana ta shinkafa da tuwon masara. Abin da cikinta ya yarda da shi sosai shi ne faten acca, da yakuwa da gauta da ɗan niƙaƙƙen gyaɗa, a dafa shi ya yi laushi. Ran Asabar nake yi mata, saboda wanke acca aiki ne, sai an zauna an rairaye tsakuwa a hankali. A wurinmu dangin miji duka "matarmu" suke ce wa matar ɗansu, amma a bakin Mama kalmar tana da wani zaƙi daban. Duk ranar da ɗanta ya ture kwano, sai ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan, matarmu. Ni ban ƙoshi ba." Ta ci ko da abin da likita ya hana ta ne, don dai kada in koma madafa da kwano a cike.

Ranar da zan tafi ba ta roƙe ni in zauna ba. Tana kan 'yar kujerarta a bakin ƙofa tana kallon ana ɗora katifata a mota, sai kawai ta ce, "Asabar fa?"

Na ce, "Zan zo, Mama."

Na kuwa riƙa zuwa. Kowace Asabar da rana, lokacin da na san yana taron zumunta, sai in cika kula da fate in hau bas. In zuba mata, in zauna har ta gama, in wanke mata zannuwa, in yanke mata farce. In share ɗakinta, tun da kuma tsintsiya na hannuna, in share tsakar gidan gaba ɗaya. Haka aka rene mu, mace ba ta shiga gidan surukai ta share rabi ta bar rabi. Ban faɗa wa lauyana wannan ba. Bai tambaya ba, ni kuma ban ɗauke shi wani abin faɗa ba.

Bayan an kai wa mijina sammaci, lauyan ya aiko a kira ni. Mutumin Binuwai ne, gajere, mai saurin magana, Hausarsa tana tafe tana tuntuɓe da Turanci. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Madam, kina dafa wa mijinki abinci?"

Na ce wane miji.

Ya ce amsar da mijina ya shigar ita ce ba mu taɓa rabuwa ba. Wai na kama ɗaki ne kawai don ya fi kusa da makarantata. Wai kowane mako ina zuwa gida, in yi girki, in yi wanki, in yi shara, kuma babu Asabar ɗin da ba ya cin abincin hannuna. Saboda haka babu wata shekara uku, babu dalilin raba aure.

Mutumin da ya taɓa yin wata huɗu bai ɗanɗana ruwan miyata ba, shi ne yau yake rantsuwa da girkina. Kamata ya yi in yi dariya, ko in yi ihu. Ban yi ko ɗaya ba. Ina zaune ina kallon fankar ofishin tana juyawa, ina tunanin ta kwana biyu ba a goge ta ba.

Ranar zaman kotu na tarar da shi a baranda cikin kwat ɗin da ya sa ranar aurenmu. Ya taso da fara'a ya gaishe ni, ya tambayi makaranta, ya tambayi ciwon bayana, ya ce na rame. A cikin 'yan mintocin nan ya yi mini maganar da ta fi ta shekararmu ta ƙarshe yawa, kuma da ƙarfi yake yi don na kusa su ji.

Lauyansa ya sa ni a gaba da tambayoyi, a hankali, kamar mai tsince wake. Ina shiga gidan? Ina shiga. Ina kai abinci? Ina kaiwa, amma na Mama ne. Ya ce bai tambaye ni na wa ba ne. Ina shara? Ina yi. Na taɓa wanke rigar mijina bayan na ce na bar shi? Na tuna wata rana na tarar da rigunansa biyu a jiƙe cikin bahon zannuwan Mama. Wa zai tsame riga biyu daga ruwan kumfa ya ajiye a gefe? Na wanke. Na taɓa kwana a gidan? Sau ɗaya, zazzaɓi ya kama Mama, aka kuma yi ruwan da ya hana motoci tafiya, na kwana a tabarma a ɗakinta. Duk abin da na amsa gaskiya ne, duk kuma ina ji yana ɗaure ni. Alƙalin, wani dattijo mai tabarau, yana ta rubutu bai ɗago ba.

Sai aka ce a shigo da shaidarsu. Ban san wa za su kawo ba sai da na ji ƙarar sanda a kan siminti. Mama ce, an ɗaura mata zanen Kirsimeti, ɗanta yana riƙe da gwiwar hannunta kamar kullum haka yake yi. Aka ba ta kujera, aka ɗora hannunta a kan Littafi Mai Tsarki, aka kawo tafinta ya tsaya kusa da kunnenta.

Lauyansa ya nuna ni ya ce, "Mama, kin san wannan?"

Ta ce, "Yaya ba zan san ta ba? Matarmu ce."

"Wa ke kawo abinci gidanku ran Asabar?"

"Ita."

"Ta bar ɗanki ne?"

Mama ta juyo ta dube ni, fuskarta cike da alfahari, irin kallon da take yi mini in na shigo da kula. Ta ce, "Ba ta bar mu ba. Aiki ne ya kai ta nesa. Yarinyar nan ba ta taɓa barina da yunwa ba, ko ana ruwa ko ana rana."

Lauyana ya tashi ya tambaye ta abincin na wa ne. Ta ce nata. Ya ce ɗanta yana ci? Ta ce, "In na rage." Aka yi 'yar dariya a kotun. Ita ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta dubi alƙali, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, ta ce, "Ɗana, kada ka raba ni da ita."

Tafinta ya juya maganar zuwa Turanci, ta fito a bushe. Har yau ban san ko Mama ta fahimci abin da shaidarta za ta yi mini ba. Wani lokaci ina ganin ta fahimta sarai, so ne ya sa ta. A ranar dai ban ji haushinta ba, ban kuma ji tausayinta ba.

Da muka fito, lauyana ya ja ni gindin wani mangwaro, yana share zufa. Ya ce, "Madam, daga yau ƙafarki kada ta sake taka gidan nan. Ko kula kada ki aika. Ko gaisuwa. Duk abin da kika yi, gobe zai kawo shi gaban alƙali."

Na ce, "Tsohuwar ba ta cin komai sai wannan."

Ya ce, "Tana da ɗa. Ke kuma kina son takarda ko ba kya so?"

Na ce har yaushe. Ya ce wata biyu, in ya yi yawa uku. Daga inda nake tsaye ina hango ana cusa Mama a tasi, tana waige-waige. Na san ni take nema. Na matsa bayan mangwaron har motar ta tashi.

Wata biyun nan ya zama shekara ɗaya da rabi. Da farko aka ɗauke alƙalinmu ya tafi sauraron ƙararrakin zaɓe, don 'yan siyasa ma nasu rigingimun sun cika kotuna, kuma sun fi mu gata. Da ya dawo, lauyan mijina ya yi rashin lafiya. Da ya warke, mijina ya roƙi kotu ta ba mu lokaci dattawan coci su sulhunta mu, aka ba shi. Muka zauna gaban fasto da dattawa, mijina ya yi jawabi mai tsawo a kan alkawarin aure, har da hawaye, wani dattijo ma ya miƙa masa hankici. Da aka juyo kaina na ce na ji, amma ba zan koma ba. Daga nan aka yi rikicin da ya girgiza garin, aka yi makonni ƙetare gada ma sai mai ƙarar kwana. Da ƙura ta lafa muka koma, aka sake ɗagawa.

Kowane zama, kafin a kira mu, sai mijina ya zo ya tsaya kusa da bencin da nake. Ya gane inda ƙofata take, nan yake ƙwanƙwasawa.

"Mama tana gaishe ki."

Wani zaman kuma, "Mama ba ta cin abinci. Na sa wata ta dafa mata faten, ta ce da tsakuwa."

Wani zaman, "Mama ta rame ƙwarai. Ki zo ko sau ɗaya mana, ba sai kowa ya sani ba."

Ban san ko gaskiya yake faɗa ko tarko yake ɗana mini ba. Yanzu na san duka biyun ne. Lauyana ya ce kada in tanka masa ko da eh ko a'a, ni kuwa ba sai an koya mini ba, na yi shekara goma sha ɗaya a makarantar gwani. Sai in dubi bango. In zaɓi wani wuri da fenti ya ɓare in kafa masa ido har ya gaji ya tafi. Abin ya yi aiki. Na ga yadda wuyansa ke kumbura, na gane ashe haka yake ji a da, wani sanyi-sanyi a ƙirji, ba daɗi ba, ba kuma zafi ba.

Asabar ce ta zame mini matsala. A makonnin farko sai in farka in ga har na zuba acca a ƙwarya ina rairaya kafin in tuna. In dafa, in raba wa maƙwabta, su yi ta godiya. Daga baya na daina saye. Na koma wani cocin don kada in haɗu da masu kawo labari, amma labari ya san hanyar kasuwa. Wata 'yar zumuntar mata ta tsohon cocinmu ta tare ni wurin masu tumatir ta ce, "Kin san tsohuwar nan kowace Asabar sai ta sa an fito mata da kujera bakin ƙofa? Tun hantsi har rana ta faɗi." Na ce Allah sarki. Na juya na ci gaba da cinikin tumatir, har na sa aka yi mini gyara.

Ranar yanke hukunci alƙalin ya daɗe yana karatu da Turancin shari'a, ina kama wani ina sakin wani. Da ya zo kan batun Asabar sai ya rage sauri. Ya ce kai wa tsohuwa marar lafiya abinci ba zaman aure ba ne. Ya ce share tsakar gida da wanke riga biyu ba sa mayar da mace ɗakin mijinta, kuma kotu ba za ta hukunta mutum saboda ya yi alheri ba. Rabuwarmu ta fara ne tun ranar da na kwashe kayana, zuwan da nake yi wurin Mama bai taɓa katse ta ba, ko da a ce ina yinsa har gobe. Ya raba auren.

Lauyana ya matso yana murmushi ya ce, "Mun yi nasara, Madam."

Na ce, "Ashe da na ci gaba da zuwa babu abin da zai faru?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Taka-tsantsan ne. Wa ya san abin da alƙali zai ce kafin ya faɗa?"

Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba. Mijina, wanda daga ranar ya zama tsohon mijina, ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Ya koma gabarsa, wannan karon kuma ba ta shafe ni ba. Na hau bas na ƙetare gada. Na yi ta jiran farin cikin ya zo, har na isa Mahuta bai zo ba.

Asabar ɗin da ta biyo na je kasuwa da sassafe. Na zaɓi acca mai kyau, na rairaye ta har sai da na tabbata babu ko ƙwayar yashi, na sa yakuwa daidai yadda take so, kada tsamin ya yi yawa. Na cika kula na tafi Unguwar Boro.

Yana zaune a baranda da jarida, don a lokacin masaƙar ta sallame su. Na yi sallama, bai ɗago ba, na wuce. Tsakar gidan duk ganye. 'Yar kujerar Mama tana jingine a bango, an kifa bokiti a kanta.

Tana kwance a ɗakinta. Bai yi ƙarya ba, ta rame har zanen da ta rufa da shi kamar babu kowa a ciki. Na durƙusa na ce, "Mama, ni ce."

Ta ce, "Na gane muryar." Sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Malama."

Tun da na shigo gidan nan amarya ba ta taɓa kirana haka ba. Iyayen ɗalibaina ke kirana haka.

Ta ce, "An gama shari'ar?"

"An gama, Mama."

"An ba ki abin da kike so?"

"An ba ni."

"To, madalla."

Na fara yi mata bayani, na ce lauya ne ya hana ni zuwa, na ce ba a son raina ba. Tana saurare, idonta a kan rufin ɗaki. Ba ta ce ƙarya nake ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Da na ga maganar ba ta zuwa ko'ina sai na jawo kular na buɗe. Ƙamshin yakuwa ya cika ɗakin. Na ga hancinta ya motsa, na ga ta haɗiye yawu. Na zuba a kwanonta, na ɗebo a cokali, na hura, na kai kusa da bakinta.

Ta juya fuskarta wajen bango. A hankali, ba da faɗa ba, ta ce, "Mayar ki rufe, kada ya huce. Na ƙoshi."

Na daɗe riƙe da cokalin. Daga baya na juye faten cikin kula, na ɗauraye kwanon, na kife shi inda yake zama. Tsintsiya tana nan a bayan ƙofa, na dube ta, ban ɗauka ba. Na ce sai an jima, Mama. Ta ce in gaida gida.

A cikin bas na ɗora kular a cinyata, ɗuminta yana ratsa zanena har muka isa Mahuta. Na shiga ɗaki na ajiye ta a tebur kusa da jakar da takardar kotu ke ciki. Da yamma yunwa ta kama ni, na buɗe na ci a tsaye. Na san na sa gishiri, amma ban ji shi ba.